Sun Binne Kawu Ina Cikin Rijiya

Taubashina ya binne Kawu bai aiko mini ba. Abin da aka yi mini ke nan, kuma ba zan lulluɓe shi da magana mai daɗi ba. Kawu ya cika da hantsi a Maraɗi, ni ina Jiratawa cikin rijiya ina kwasar laka. Kamiyon, babbar motar gyaɗar taubashin nawa, na tsaye a ƙofar gidansa, direba na zaune a inuwa yana cin goro. Ko mai keke aka tasa, da ya iske ni kafin a gama ɗinkin likkafani. Ba a aiko ba. Sai da la'asar wani mai jaki da ya taso daga kasuwa ya leƙo bakin rijiyar ya ce, "Kai na ciki, Allah ya ba ka haƙuri." Na ɗaga kai na ce haƙurin mi? Ya ce, "Au, ba ka ji ba?" Haka na ji mutuwar mutumin da na riƙe wa igiya fiye da rabin rayuwata, daga bakin baƙo, ina tsaye cikin ruwa har gwiwa.

Na fito, ko jiki ban wanke ba, na kama hanya da ƙafa. Na iso rana ta yi ja. An shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gidan Alhaji, wato taubashin nawa, ɗa namiji tilo da Kawu ya bari, har bakin titi. 'Yan kasuwar gyaɗa sun cika wurin da manyan riguna. Na durƙusa da lakata, aka yi fatiha aka shafa. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗan Gwaggo, sai haƙuri. Ba mu so mu ajiye shi cikin zafin nan ba." Na dubi kamiyon, na dube shi. Na koma gefe na zauna.

Duk kwanakin zaman makoki ina gefe ina jin abin da mutane ke faɗi. Wani mai tumbi ya ce, "Allahu akbar, tsoho mai sanyin hali, bai taɓa sa-in-sa da kowa ba." Kawu fa! Mutumin da ya yi faɗa da liman, ya yi da gardin kumandan, wato dogarin Nasaran da ke mulkin gari, ya yi da ni kusan kullum, har da jakinsa sai da suka yi gaba. Wani ya sunkuya ya raɗa wa na kusa da shi, "Ba shi ne mai cewa ya yi tafiya a kan ruwan da ya daskare ba?" Suka rufe baki da hannun riga suna dariya. Malamin da ya ja addu'a ya ce mamacin ya daɗe a ƙasar Nasara, Allah ya yafe masa, kamar daɗewar ce zunubin. Wasu mazan jiya suka zo da lambobin yaƙi a ƙirji, suka ƙame, suka sara wa ƙofar gida, yara na yi musu ihu. Can nesa a gindin gawo, Arnan ƙauyukan Tibiri sun zauna a ƙasa da dammunan sabon gero da suka kawo. Ba wanda ya miƙa musu tabarma. Wata tsohuwa daga cikinsu ce ta taso ta same ni, ta ce, "Ruwan da muke sha nasa ne." Ta koma ta zauna.

A nan na gane in na yi shiru, nan da 'yan shekaru ba sauran Kawu, sai dai a ce mahaifin Alhaji. Ni ba malami ba ne. Na yi lakwal kaɗan, wato makarantar Nasara, har ranar da mushe, malaminmu, ya fasa mini kai da rula, na fita ban koma ba. Allo ma ban kai ko'ina ba. Hannuna ya saba da igiya, alƙalami zamewa yake yi. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri.

Kawu wan innata ne. An kama shi soja a yaƙin Nasara na farko, lokacin matarsa na goyon Alhaji. An ce kowane gari ya ba da mutane, shi kuwa ba shi da mai yi masa magana a fada. Harsashi ya same shi a cinya. Wani hafsan Nasara mai galo biyu a kafaɗa ya ɗauke shi yana yi masa wanki da girki, da yaƙi ya ƙare kuma ya wuce da shi garinsu, can cikin duwatsun Faransa. Nan gida an yi masa sadaka, matarsa ta yi takaba, ta yi wani aure. Sai ga shi wata rana ya ɓullo ta hanyar Katsina, yatsun ƙafarsa biyu babu, ya saɓo katako biyu dogaye masu lanƙwasasshen kai, da naɗin igiya a wuya. Alhaji ya fara tasawa a lokacin. Da aka ce masa ga ubanka, bayan zana ya ɓuya.

Mu a Maraɗi ba mu da dutse. Tudun da muke taƙama da shi, jaki na hawansa da kaya ko nishi ba ya yi. To yaya za ka gaya wa mutanen nan akwai ƙasar da in ka ɗaga kai neman ƙarshen dutse sai hularka ta faɗi? Kawu ya gwada, aka yi masa dariya, ya daina gaya wa kowa sai ni. Ni ma sai damina ta zo ƙarshe.

Lokacin ne ciwon kewar duwatsun ke taso masa. In gero ya fara nuna, farin gajimare ya taru a arewa ya yi tsibi-tsibi ba ruwa a cikinsa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsaya.

"Ga su can," in ji shi. "Haka suke. Sai dai su ba su tafiya."

Daga nan sai bakinsa ya buɗe. Ya ce yanzu can ana saukowa da shanu daga ciyawar sama, kowace da ƙararrawa a wuya, kana cikin gari kana jin dutse na kiɗa. Ya ce lokacin zafinsu gajere ne, kuma a cikinsa masu kuɗi ke zuwa daga manyan birane, su ɗauki manoman garin su yi musu jagora zuwa ƙololuwa. Manoman nan talakawa ne kamar mu, in ji shi, hannunsu kaushi, bakinsu ba daɗi, amma sun san kowace tsaga ta dutsen.

Na ce, "Mi ke can saman? Kasuwa?"

"Babu."

"Kabarin waliyyi?"

"Ko ciyawa babu."

"To mi suke zuwa yi?"

"Su tsaya, su duba, su sauko. Wasu su yi kuka."

"Kai fa, Kawu?"

"Ni da kaya a baya? Ina na ga sararin kuka, sakarai."

Da fari aikinsa ke nan, ɗaukar kaya. Akwai wani ɗakin dutse can sama, inda itatuwa suka ƙare, a nan masu hawa ke kwana. Shi ke kai itacen wuta, da burodi, da barguna, da kwalaben giyarsu. Da manoman suka ga ƙafarsa ba ta rawa, kansa kuma ba ya juyawa in ya leƙa rami, sai suka fara ɗaura shi a igiyarsu. Ya koyi sarar matakala a jikin ƙanƙara da wani ɗan gatari mai doguwar ƙota. Ya koyi tafiyarsu, taku gajere, ba sauri, ba tsayawa. Har ya mutu haka yake tafiya. In na wuce shi a hanya sai ya ce, "Yi gudu, zan iske ka a zaune." Kuma yana iske ni.

Ya ce hawan ƙarshen lokacin zafi ya fi kowane mugunta. Rana ta gama lasar dutsen, ƙanƙara ta yi ƙwari kamar kwalba, ramuka sun buɗe baki, duwatsu na sakin jiki suna gangarowa ba sallama. Baƙi kuma a lokacin suka fi naci, don kowa na so ya hau kafin ya koma gida. Sai an sallami na ƙarshe, a je a rufe ɗakin nan na sama, a buga ƙusa a tagogi, a sauko da barguna. Ciyawar dabbobi ta shiga rumbu. Maza su zauna a ƙofar gida, kowa ya fito da katakonsa yana goga masa kakin zuma, yana duban sama, suna jiran ƙanƙarar farko yadda muke jiran ruwan shuka.

"'Yan kwanakin nan," in ji shi, "tsakanin tafiyar baƙi da zuwan ƙanƙara, su ne kaɗai a rayuwata da na ji ba ni da ubangida."

Katakon nan siki suke ce masa. In ƙanƙara ta rufe hanyoyi, mutum ya ɗaura su a ƙafa, ya riƙe sanda biyu, ya sulale. Da katakon nan Kawu ke kai jakar likita daga gari zuwa gari. Na tambaye shi ko kamar tashin tsuntsu ne. Ya ce a'a, kamar mutum ne ya faɗi amma ya ƙi kai wa ƙasa.

Sau ɗaya ya ɗaura su a Maraɗi, kuma da ma bai yi ba. Bayan Gulbi ya ci tsohon gari, Nasara suka ce kowa ya hau tudu, akwai wani gangaren yashi tsakanin sabon wurin da fadama. Mahautan kasuwa suka sa shi gaba da tsiya. Kullum ya wuce sai su ce, "Mai-katako, yaushe za a tashi sama? Ka yi mana sallama da Makka!" Na ce masa ya ƙyale su. Bai ƙyale ba. Wata Juma'a bayan an sauko, ya saɓi katakonsa, rabin gari na biye da shi. Ya ɗaura, ya gyara hula, ya tura da sanduna. Katako ya yi tafiyar da ba ta wuce tsawon tabarma ba, ya cije. Kawu ya kifa da fuska, wandonsa ya yage tun daga ƙugu. Har yau ban sake jin dariya irin ta ranar ba, mata na riƙe da ciki, wani mahauci na birgima. Ya tashi, ya tofar da yashi, ya dube su ɗaya ɗaya.

"Yashinku ma rago ne," in ji shi, "kamar ku."

Alhaji na cikin taron. A lokacin yana neman kamfanin Nasara ya yarda da shi ya riƙa sayo masa gyaɗa. Na gan shi ya ja rawani ya rufe fuska, ya juya. Kawu bai sake ɗaura katakon ba, amma duk ƙarshen damina sai ya fito da su ya goga musu kakin zuma, ya mai da su ɗaki. Yanzu suna bayan gidan Alhaji, an gitta su kaji na kwana a kai. Da idona na gani.

Abin da ya amfane mu daga duwatsun nan igiya ce. Bayan dawowarsa da 'yan shekaru ya kama haƙar rijiya da yasa, da aka hau tudu kuwa, inda ruwa ke da nisa har tsofaffin mahaƙa suka ja baya, sai shi. Kuma yana da hanyarsa da ba ta kowa ba. Mutanenmu sukan ɗaura igiya a kututturen bakin rijiya, maza su taru su riƙe. Kawu ya ce shi ba ya shiga a haka. Mutum ɗaya yake so, ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ya zauna, ya tokare ƙafafu da kututturen, ya riƙa sako ta a hankali ta bayan kafaɗa. In na ciki ya faɗa, na waje ya tare shi da jikinsa, ko ya bi shi. Aka ce masa wannan hauka ne.

Ya ce, "Itace ba ya jin na zame. Taron maza kuma kowa na cewa ɗan'uwansa ya riƙe. Amma wanda igiya ke ƙugunsa, ko ɗiyar sarki ta wuce ba ya waiwaya."

Ni ne wannan mutumin. Akwai baƙin zane da ya kewaye ƙuguna, matata kan ce kamar jakin da aka daɗe ana yi wa lafto. Kafin ya sauka sai ya ce, "Riƙe." In ce, "Na riƙe." In ban amsa da ƙarfi ba sai ya fito ya zage ni tas, ya haɗa da ubana, sannan ya koma. Kowace safiya sai ya bi igiyar da yatsunsa daga wannan kai zuwa wancan, idonsa a rufe. In ya ji zare ɗaya ya tashi, ko jiya aka saye ta, sai ya yanka ta a ɗaure awaki. Bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba. In aiki ya yi kyau, yana fitowa sai ya dafa kafaɗata da hannun laka ya ce, "To." Shi ke nan. Nakan daɗe ban wanke wurin ba.

Faɗansa da liman a kan Arna ne. Wani ƙauyensu bayan Tibiri rijiyarsu ta ƙafe, matansu na tafiya mai nisa neman ruwa. Liman ya tare Kawu a ƙofar masallaci ya ce bai kamata Musulmi ya haƙa wa masu yanka wa iskoki ba, don a bakin rijiyar za su fara zuba jini.

Kawu ya ce, "Malam, ranar da ƙanƙara ta rufto mini, waɗanda suka tono ni naman alade suke ci. Ba su tsaya tambaya ko ina da alwala ba."

"Ka zo mana da maganar Nasara cikin masallaci?"

"Maganar ƙishirwa na zo da ita. Ka taɓa jin ta?"

Daga ranar ya ƙaura zuwa wani masallaci mai nisa, yana ɗingishi yana zuwa, har ƙarshen ransa. Rijiyar kuwa mun haƙa. Arna suka yanka akuyarsu a bakinta, Kawu ya koma gefe ya ba su baya har suka gama, sannan ya yi bismilla ya ce, "Riƙe."

Wata shekara rijiya ta rufta da wani ɗan ci-rani a Jiratawa, mutumin arewa, ba wanda ya san ko sunan garinsu. Mai gari ya ce yashin wurin ba shi da amana, a cike ramin a yi masa salla daga sama. Kawu ya ce ba za a yi haka yana raye ba. Ni ma na ce masa ya bari, mutumin ya riga ya mutu, mi za mu ƙara masa? Sai ya zaunar da ni. Ya ce can a duwatsu akwai gulbin ƙanƙara, gulbi sosai, yana tafiya amma ido ba ya gani. Yana haɗiye mutane, ya riƙe su shekaru. A ƙarshen lokacin zafi, in ya narke ta baki, sai ya amayo wasu. Da zarar makiyayi ya hango takalmi ko hannun riga, maza su bar yankan ciyawa su hau, ba wanda ke biyan su, su sauko da shi don uwarsa ko matarsa ta sa masa hannu.

"Mutum ba kare ba ne," in ji shi. "Hannu ya kamata ya sa shi a ƙasa, ba ƙasa ta faɗo masa ba."

Tun safe har la'asar yana ciki, yashi na zubo masa, ni kuma duk motsin da ya yi ina jin sa a ƙashin bayana. Ya fito da mutumin ɗaure a bayansa. Shi ya yi masa wanka. Wannan shi ne tsohon da aka binne da gaggawa kamar ana ɓoye kayan sata.

Dole in koma baya in faɗi wani abu, don in na tsallake shi na yi wa Alhaji ƙarya. Rijiyar farko da Kawu zai shiga bayan dawowarsa, mu biyu muna tsaye, ni da ɗansa, duk mun zama samari. Kawu ya ce yana son mai riƙewa. Alhaji ya yi wuf ya ɗauki igiyar, ya fara naɗa ta a ƙugu, fuskarsa cike da murna. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Kawu ya je ya warware ta daga jikinsa a gaban mutane.

"Ba kai ba," in ji shi. "Ka ba ɗan gwaggonka."

Bai ƙara ko kalma ba. Alhaji ya tsaya hannu sake, sannan ya tafi. Wata shekara ya sake nema, aka sake hana shi. Daga nan ya bi fataken Kano da jakuna, Allah kuma ya buɗa masa. Ya gina wa ubansa ɗaki, ya yi masa sutura, tuwo bai taɓa yankewa ba, wannan gaskiya ne. Amma ban taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya fiye da tsawon gaisuwa ba. Da can mukan yi wasan taubasai, ya ce mini bawansa, in ce masa rowa ta hana shi 'yanta ni. Tun daga bakin rijiyar nan wasan ya mutu. Ya ci gaba da ce mini bawa, amma ba dariya a ciki.

A 'yan shekarun nan ƙarfin Kawu ya tafi. Ni ke shiga, wani ma'aikacina ya riƙe, shi kuma ya zauna a gefe yana zagin mu duka biyu. Ranar da zan tafi Jiratawa yana ɗan zazzaɓi, ya zauna a hantsi ya bi igiyata da yatsu, ya miƙo mini. Ya ce in taho masa da rake daga fadama. Na saya. A bakin rijiyar na bar shi.

Da kwanakin sadakar arba'in suka matso, dangi suka sa ni gaba. Inna, wadda idonta ya tafi, ta kama hannuna ta ce, "Ɗan wana ne, ba ka da wani taubashin. Ka yafe masa in mutu da sanyin rai." Na ce mata bai nema ba. Ashe ta aika masa shi ma.

Bayan an watse daga sadakar, da yamma, sai ga shi a gidana a Sabon Gari, shi kaɗai, ba 'yan rakiya. Ya tuɓe takalma, ya tattara babbar riga, ya zauna a tsohuwar tabarmata.

Ya ce, "Ɗan Gwaggo, an ce kana fushi."

Na ce, "An ce."

"Ka san zafin ranar nan. Malamai suka ce a gaggauta."

"Alhaji, kamiyonka na zuwa Kano ya dawo saboda gyaɗa. Kar ka kawo mini malamai cikin gidana."

Ya riƙa murza carbi. Can ya ajiye shi.

"To. Ni na hana. Direba ya miƙe zai tafi, na ce ya zauna."

"Don mi?"

"Ina goye ya tafi. Ya dawo, na miƙa hannu, ya ƙwace igiya ya ba ka, gari na kallo. Shekara da shekaru kai ke riƙe da shi, ni sai aika tuwo. Na san in ka zo kai za ka shiga kabarin, kowa zai matsa maka, ni ma in matsa. Na ce sau ɗaya dai in ji nauyin ubana a hannuna, ba kai a wurin." Ya dubi tafin hannunsa. "Ba shi da nauyi ma, ɗan Gwaggo. Kamar damin kara. Ka yafe mini."

Na zaci in na ji gaskiya daga bakinsa zan tashi in shaƙe shi. Ban ji komai ba sai gajiya, irin ta wanda ya wuni yana jan guga. Na bar shi ya gama share ido da hannun riga.

Na ce, "Ka san abin da ya sa ya ƙwace ta? Ni ma sai bara na tambaye shi, muna cin rogo a bakin wata rijiya a Tibiri. Ya ce a garin nan na duwatsu akwai wani mai jagora da ɗansa, suka ɗaure a igiya ɗaya a hawan ƙarshen lokaci. Uban ya zame, ya ja ɗan. Kawu na cikin waɗanda suka sauko da su. Gida ya wayi gari ba namiji, aka rufe shi, mata suka watse. Tun daga nan mutanen garin ba su ɗaura mutum biyu na gida ɗaya a igiya ɗaya. Ya ce mini, 'In na faɗa na ja shi, gidana ya ƙare. Kai ɗan wani gida ne, ubanka na da wasu.' Haka ya faɗa, yana tauna rogo, ko kunya bai ji ba."

Alhaji ya zuba mini ido. Ya ce, "Mi ya sa bai taɓa gaya mini ba?"

Na ce, "Ka taɓa zama ka tambaye shi? Kai ya adana, Alhaji, ni ya ɗaura. Ban riƙe shi da wannan ba, don ko tun farko ya gaya mini da na ɗaura. Amma duk abin da na samu a wurin mutumin nan ke nan, in sauke shi rami in fito da shi. Saura saukewa ɗaya, wadda ba fitowa, ita ma ka ɗauke. Tuwonka zan ci. In ka yi suna zan zo, in ka riga ni zan bi gawarka. Amma kar ka nemi yafiya a wurina yau, ba ni da ita, kuma ba zan yi maka ƙarya don Inna ta ji daɗi ba. Kabari na ɗaukar mutum biyu a tsaye, har uku. Da ka aiko, kai za ka riƙe kansa, ba wanda zai matsar da kai. Ni ƙafafunsa kawai nake so."